Godiya ga 'yan uwana ma'aikatan jinya

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillah na koma bakin aiki lafiya lau, kuma akwai mutanen da in ban fito fili na gode musu ba wallahi hankalina ba zai kwanta ba.

Kowa ya san abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a jihar Jigawa daren Talata 15 ga Oktoba 2024, tankar man da ta taso daga Kano za ta Nguru ta faɗi, jama'a suka taru ɗibar mai, wuta ta tashi. Sama da mutum 150 suka rasu, Allah Ya jiƙansu Ya sa sun huta. Masu ƙuna aka rarraba su asibitoci, Ringim, Haɗejia, wasu har Kano, mu ma aka kawo mana, kuma ina dutin dare. Duk nas ta san mai ƙuna ƙarin ruwa yake buƙata da gaggawa, awa 8 ɗin farko su ne komai, to amma ina za ki sami jijiyar da za ki sa kanula, wato allurar ƙarin ruwa, a hannun da fatar ta saɓule? Yawancinsu samari ne, wasu ba su fi ƙannena ba, suna ta kiran Anti nas ki taimake ni, ga warin fetur ya cika ɗakin, ga wankin ciwo kullum wanda ko namiji mai taurin rai sai ya yi ihu. Mun yi iya yinmu, wasu sun tashi wasu Allah Ya karɓi abinSa.

Bayan komai ya lafa ne nawa ciwon ya fara. Barci ya ƙaurace min, in na wuce 'yan bumburutu a bakin titi sai jikina ya hau rawa, mai tsire kuwa sai dai in canja hanya. Ina zuwa aiki ina murmushi, a gida ina yi wa yara tsawa ba gaira ba dalili. Na daɗe a haka ba wanda na gaya wa, don kullum abin da ake cewa shi ne ai nas ce ta saba. Wallahi ba a sabawa.

Godiyata ta farko ga Matiron ɗinmu. Ita ta lura hannuna na rawa wajen allura, ta kira ni ofis, ni na ɗauka takardar tuhuma za ta ba ni, sai ta rufe ƙofa ta ce ƙanwata yaushe rabonki da barci? Nan na fashe da kuka, ba ta hana ni ba, sai da na gama don kaina. Ta gyara rosta ta maida ni ɗakin awo, daga baya ta tsaya min har na sami hutu. Mama, Allah Ya biya ki da Aljanna.

Sai 'yan wod ɗinmu. Ku kun san yadda muke, nas biyu ga ɗaki guda cike da marasa lafiya, abokan karatunmu wasu sun tafi Saudiyya wasu Ingila, amma a haka kuka raba dutin darena a tsakaninku, har da mai goyo a cikinku, kuma ko sau ɗaya ba wadda ta yi min gori. Kuka bar min kwasar adashe alhali ba layina ba ne, da kuɗin na yi ta zirga-zirga Kano ganin likitan ƙwaƙwalwa. Ɗan uwanmu na emajensi shi ya zaunar da maigidana ya fahimtar da shi cewa ganin wannan likitan ba hauka ba ne. Don an faɗi maganganu fa, wasu suka ce aljanu ne wasu suka ce ƙarancin tawakkali. Ni dai addu'a ban fasa ba, magani ma ban fasa ba, kuma Allah Ya sa an dace.

Iya mai shara da take kawo min kunun tsamiya har gida ta zauna tana ba ni labarin asibiti don kar in ji an manta da ni, Baba mai gadi da kullum sai ya aiko a gaishe da 'yarsa, na gode na gode. Maigida da Hajiyarsa da suka riƙe yara, Allah Ya bar zumunci.

Lokacin da ƙungiyarmu ta ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa, wato NANNM, ta shiga yajin aiki ƙarshen Yulin 2025 kan alawus da ɗaukar sababbin ma'aikata na goyi baya ɗari bisa ɗari, haƙƙinmu ne. Amma ina roƙon shugabanninmu su haɗa da wannan, in irin wannan iftila'in ya faru a samu wanda zai zauna da ma'aikatan da suka yi aikin ya ji halin da suke ciki, ba kowa ke samun Matiron irin tawa ba. Na san akwai waɗanda muka kwana tare a daren nan da har yanzu ba su dawo daidai ba, dan Allah ku same ni a ɗakin awo mu yi magana, ba mai ji.

Ranar Juma'a bayan la'asar akwai 'yar walima a gidanmu, duk wanda ba ya duti ya zo, masu duti kuma za a kawo muku naku har wod in sha Allah.