Muhawarar da muka yi ta kan katanga lokacin kulle

Har yanzu ina tuna wata muhawara da muka yi da maƙwabcina a Tudun Wada a watan Afrilun 2020, lokacin da dokar kulle ta hana kowa fita a Kaduna. Yana tsaye ta ɗaya gefen katanga da butarsa ta alwala a hannu, ya ce mini, “Malam, wannan korona ƙirƙirarta aka yi don a ɗauke hankalin mutane daga abin da sojojin manyan ƙasashe ke shiryawa.” Hujjarsa ita ce jiragen ruwan yaƙin da Amurka ta tura kusa da Venezuela a farkon watan.

Na ce masa labarin jiragen gaskiya ne, amma ai a rediyo ya ji shi, kamar yadda muka ji yadda Idriss Déby, shugaban Chadi na lokacin, ya jagoranci sojojin ƙasarsa suka afka wa Boko Haram bayan harin da ƙungiyar ta kai wa sansanin sojojin Chadi a Boma, don haka babu abin da aka ɓoye mana. Abin da ya fi damuna shi ne, wannan zato ya sa ya ƙi sanya takunkumi, alhali Gwamna El-Rufai kansa ya kamu da cutar a watan Maris. Muka rabu ba tare da ya yarda ba, ya shige gida saboda an kira Magariba.