Neman kafireto a Oshkosh

Da asuba muka bar Shikago, ni da maƙwabcina, wani dattijo Bature mai ƙaramin jirgin sama ƙirar Piper J-3 Cub. Jirgin na 1946 ne, ruwan ɗorawa, jikinsa ƙyalle aka lulluɓa a kan ƙarafa, da hannu ake murza farfela kafin inji ya tashi. Tun 1947 aka daina ƙera irinsa. Kafireto ɗinsa ya tsage, wata biyar ke nan yana ajiye.

Muka wuce Milwaukee, hantsi ya dubi ludayi muka shiga Oshkosh a jihar Wisconsin, inda ake taron masu jirage duk ƙarshen Yuli. Jirage wajen dubu goma a kan ciyawa, mutane sun kafa tanti a ƙarƙashin fukafukai suna soya ƙwai. Dattijon ko kallo bai yi ba, ya ja ni sai rumfunan 'yan gwanjo da suke kira Fly Market.

Wallahi sai na ga kamar Panteka ce ta Kaduna aka kwaso. Farfelar katako jingine da tebur, tayoyi, agogunan auna tsayi masu gilashi a fashe, kusoshi cikin gwangwanin kofi. Har warin tsohon baƙin mai iri ɗaya ne.

A rumfa ta huɗu na hango kafireto ƙirar Stromberg, irin wanda muke nema, yana ƙyalli, ga araha. Na ɗauka da murna, har na fara taya. Dattijon ya karɓa ya juya shi, ya tambayi mai kayan takardarsa. Babu. Ya ajiye, ya yi gaba.

Na ce, "Baba, ai ido ma ya shaida lafiyarsa lau."

Ya ce mota in ta mutu gefen titi ake turawa, a sama ina gefen yake? Kuma makanikin da zai sa hannu a littafin jirgin sai ya san wanda ya buɗe shi ya gyara, da ranar da aka yi. Ni da na tashi ina ganin ana yanka gasket da kwalin sukari, abin ya ɗan sosa min rai.

Sai washegari da la'asar muka samu, wajen wata tsohuwa da ke sayar da kayan mijinta marigayi. Kafireton ya dushe, kuɗinsa ya ninka na jiya, amma ga takarda ruwan ɗorawa ɗaure da zare a wuyansa. Ko ragi dattijon bai nema ba.

A hanyar komawa ni na tuƙa. Shi kuwa ya naɗe kafireton da tawul ya ɗora a cinya, kafin mu kai Fond du Lac har ya fara minshari.