Kan sarki ɗaya daga kowace ƙasa, amma Chadi ta gagare ni

Duk wanda ya ji ina tara kan sarki tambayarsa ta farko ita ce nawa ake sayensu, in na ce ai ba na sayarwa ba ne sai ka ga ya yi shiru yana kallona. Abin da nake yi ba wani mai wuyar bayani ba ne, guda ɗaya tak nake so daga kowace ƙasa ta duniya. Sai dai na sa wa kaina sharaɗi ɗaya wanda shi ya ja aikin ya ƙi ƙarewa: dole kan sarkin ya zama wanda ya yi aiki, wato wani ya saye shi a gidan waya, ya liƙa a ambulan, aka buga masa hatimi, ya yi tafiya. In ba don haka ba ai da tuni na gama, don a intanet akwai masu sayar da su a ƙunshe, ka biya a aiko maka da duniyar gaba ɗaya cikin leda. Ni dai wannan bai yi min ba.

Rigimar farko ma ita ce ƙasashen nawa ne. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da 193, ƙungiyar gidajen waya ta duniya da aka kafa a Bern a 1874 tana da 192, kuma jerin sunayen nasu ba iri ɗaya ba ne. Ni na ɗauki 193 ɗin na ƙara Batikan da Falasɗinu, su ma Falasɗinawa suna buga nasu tun 1994, ya zama 195. Irin su Taiwan da Kosobo na ware musu shafi a bayan albam, kar mu yi faɗa da kowa.

Sannan akwai shafin da nake ce wa maƙabarta, kuma gaskiya shi na fi so. Nan nake zuba ƙasashen da suka mutu ko suka sake suna. Haute-Volta wadda ta koma Burkina Faso a 1984, Dahomey da ta zama Benin a 1975, Zayar, Rodeshiya, Jamus ta Gabas, Tarayyar Sobiyet mai rubutun CCCP, Chekoslobakiya da ta rabe biyu a 1993. Waɗannan ba sa cike gurbi, wato in ina da na Haute-Volta har yanzu Burkina tana bina bashi, amma wa zai iya zubar da su? Mu ma nan Arewa mun taɓa samun namu na kanmu, daga 1900 har zuwa haɗewar 1914, da kan Sarauniya Biktoriya aka fara. Babban burina in samu ɗaya mai hatimin Zungeru da ake iya karanta kwanan watan.

Wani abin da ke rikita sabon shiga shi ne ƙasashe da yawa ba sa rubuta sunan da muka san su da shi. Ka ga Helvetia ka yi ta nema a taswira, ashe Suwizalan ce. Magyar Posta na Hungari, Shqipëria Albaniya, Hrvatska kuma Kuroshiya, Nippon Japan. Ingila kuwa ba ta ma rubuta suna sam, kan sarauniya ko na sarki kawai za ka gani a gefe, saboda su suka fara a 1840 lokacin babu wanda za a rikita su da shi, kuma har yau ba su canza ba. Na ƙasashen Larabawa mun ci riba, wanda ya yi allo ba ya shan wahalar karanta Misra ko Urdun.

Mafi yawan nawa ba saye na yi ba, daga adakar tsofaffi suka fito. In kana son ambulan na ƙasashen waje a garuruwanmu nemi dattijon da ya yi zamanin rubuta wa gidajen rediyo wasiƙa, masu sauraron Landan da Jamus da Sin da Tehran da Alkahira, ko wanda ɗansa ya yi karatu a Masar ko Sudan ko Rasha, ko gidan da alhazai suke aiko da wasiƙa daga Makka kafin zuwan salula. Akwai wani dattijo a layinmu da na je na durƙusa na ce Baba ambulan ɗin kawai nake roƙo, wasiƙun ka riƙe abinka. Ya ce yaro me za ka yi da kan sarkin da an riga an kashe shi? Na ce Baba ai kisan ne nake so. Ya yi dariya ya jawo adakar daga ƙarƙashin gado, duk warin kafur, an ɗaure su da kyauron da ya narke ya manne a jikin takarda. Rabinsu ma babu kan sarki, jan tambarin inji ne kawai irin na manyan ofisoshi, amma a cikin sauran na cike gurbi da dama a zama ɗaya.

Cire shi daga ambulan ma sai da haƙuri. Ka yanke kusurwar da almakashi ka bar fili a gefe, ka jiƙa a ruwa mai ɗan ɗumi har ya saki da kansa, kar ka ja, in ka ja haƙoran gefen za su tafi ko bayan ya ɗaye. Sai ka kifa shi a kan tsohuwar jarida ya sha iska, ka danne cikin littafi mai nauyi. Jan ambulan ko kore a jiƙa shi daban don yana zuba, zai rina maka sauran. Na zamani masu gam irin na sitika kuwa yawanci ruwa ba ya cire su, gara ka bar su a kan takardarsu. Kuma in hatimin ya fito da sunan gari da kwanan wata sosai ni ba na ma jiƙawa, ambulan ɗin nake ajiyewa dungurungum. Da damina a kula da laima, kyankyaso kuma yana son gam ɗin nan kamar me.

To yanzu ga abin da ya ba ni mamaki. Da na ɗauka ƙananan ƙasashe da na nesa su za su wahalar da ni. Ina! Monako, San Marino, Batikan, duk masu yawon buɗe ido suna aika kati daga can kullum. Japan da Jamus da Finlan kuwa in ka shiga Postcrossing, wani tsari da aka fara a 2005 inda kake aika wa baƙo kati wani baƙon ya aiko maka, sai sun ishe ka. Masu wuyar su ne na kusa da mu, Chadi, Afirka ta Tsakiya, Gini Bisau, Sudan ta Kudu da ta samu 'yanci a 2011, sai Somaliya wadda harkar gidan wayarta ta rushe a 1991. Dalilin kuma mun san shi, mu ba ma aika wasiƙa. Mai saƙo zuwa Njamena tasha zai je ya ba direba, ko ya ɗauki hoton takardar ya tura ta WhatsApp, wa zai tsaya neman kan sarki?

Abin haushin shi ne in sayen kake so, na wasu daga cikin waɗannan ƙasashen sun cika kasuwa. Akwai kamfanoni a Turai da suke karɓar izini su buga da sunansu, hoton 'yan ƙwallo, kyanwa, jirgin ƙasa, motocin tsere, a sayar wa masu tarawa kai tsaye, da yawansu ko ƙasar ba su taɓa shiga ba. Haka ƙananan masarautun Larabawa irin su Ajman da Fujaira suka yi a shekarun 1960 kafin su haɗe su zama Daular Larabawa. Wasu har da hatimi ake sayar da su don su yi kama da waɗanda suka yi aiki, amma gane su ba wuya, hatimin tsaf a kusurwa kamar an auna, ka juya baya ka ga gam ɗin yana nan lafiya lau. Wanda ya yi tafiya da gaske hatiminsa a karkace yake, wani lokaci ya dame rabin hoton, kuma ni shi nake nema.

Na wuce rabi da nisa, amma ragowar sai a hankali. Dabarar da nake yi yanzu ita ce in rubuta adireshina a ambulan in ba 'yan kasuwa masu zuwa irin waɗannan wurare, da kuɗin kan sarki da na mota, in roƙe su su jefa min a gidan wayar can. Wasu su manta, wasu su dawo min da shi a aljihu su ce ai ga shi sun kawo da hannu ya fi sauri.

Don haka in kana Njamena ko Bangi ko Juba, ko kana da mai zuwa, don Allah a taimaka. Ba sai an rubuta komai a ciki ba. A dai ce wa ma'aikacin ya liƙa kan sarki na gaske kar ya sa tambarin inji, kuma ya buga hatimin yadda sunan garin zai fito.