Godiya Ga Waɗanda Suka Raka Mu Har Shafin Ƙarshe

Assalamu alaikum jama'ar Aboabo, Asawase da Sabon Zango. Alhamdu lillahi, daren Asabar majalisar karatunmu ta rufe A Memory of Light, littafi na 14 kuma na ƙarshe a jerin The Wheel of Time. Na farko ya fito tun 1990. Marubucin, Robert Jordan, ya rasu a 2007 bai kai labarin gaci ba, sai matarsa Harriet McDougal ta danƙa wa Brandon Sanderson abin da ya bari. Aka raba ragowar gida uku, cikamakin ya fito a Janairun 2013.

Baba Alhaji, mun gode da zaure da tabarmi. Hajiya, Allah Ya saka da sobolo. Ƙannenmu masu dafa ataya da cajin fitila saboda dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, Allah Ya yi muku albarka.

Malamai biyu da suka riƙa karanta Turanci suna juya shi Hausa nan take, ku kuka sha wuya. Littafin ya haura shafi 900. Da karatu da fassara, shafi ɗaya na cin kusan minti biyar, don haka shafi 25 ne iyakar zaman awa biyu. Da an zarce haka murya ta dishe, masu sauraro kuma sun fara gyangyaɗi.

Inda aka yi gumurzu shi ne babi na 37, babin yaƙin ƙarshe, wanda shi kaɗai ya kusa shafi 200. Zama takwas ya ci. Kada wanda zai gwada ya yanka shi da ƙidayar shafi. Babin tsalle yake daga idon wannan jarumi zuwa na wancan, sai a tsaya daidai inda aka sauya mutum. In aka tsaya a tsakiyar fage, zama na gaba rabin awa za a ɓata ana gardamar wa ke riƙe da wane tudu.

Nan ne Yayarmu mai rajistar sunaye ta cece mu. Kowane suna layi ɗaya: ƙasarsa, ɓangarensa, littafin da aka bar shi, yana raye ko ya mutu. Mutumin da aka rabu da shi tun littafi na shida sai ga shi da runduna, ba wanda ya tuna shi sai rajista. Haka ɗan'uwanmu da ya zana taswira da alli a kan allo, ya jera marafan kwalba a matsayin dakaru: fage huɗu da farko, Andor, Kandor, Tarwin's Gap da Shayol Ghul, kafin a tattaro yawancinsu filin Merrilor. Ba don allon nan ba da an yi ta dukan iska.

Mai ɗinkin littattafai na wajen kasuwar Kejetia ta Kumasi ma ya ci godiya. Littafi mai kauri irin wannan gam ne kawai ke riƙe da bayansa, in ana shimfiɗa shi a buɗe kullum sai ya tsage biyu. Ya kankare tsohon gam, ya ɗinke takardun da zare, ya shafa farin gam na kafinta, ya liƙa ƙyalle a baya, ya danne da nauyi kwana biyu. Salatif ba ya yi, rawaya yake yi ya ɓalle. Gam mai saurin kamawa kuwa ƙandarewa yake ya karya takarda.

Masu leƙa ƙarshen labari a intanet da suka iya riƙe bakinsu wata huɗu, mun ga ƙoƙarinku. Mutum biyun da bakinsu ya suɓuce sun biya tarar sukari, an yafe.

Mai son aron littafin ya zo zaure bayan Isha'i ranar Laraba. Aron na sati uku ne, kuma kada a jingina shi da bango, danshin damina na sa takarda fumfuna.