Tof ɗin ya miƙe sambal, amma injin bai daina shan ruwa ba

Har yau in na tuna aikin Corollar nan sai raina ya sosu. Gasket na biyu, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin tof silinda (murfin saman injin) da bulok (gangar jikinsa), daga aljihuna ya fito, kwanakin aiki kuma suka tafi a banza, duk a kan wani ɗan zane a fuskar tof ɗin da ba ya hana miƙaƙƙen ƙarfen awo kwanciya.

Motar wani Alhaji ce mai zirga-zirga tsakanin Abuja da Jos. Tiyon lagireto ya fashe masa a Hawan Kibo, ya ƙi tsayawa, ya lallaɓa sai da ya gama hawan. Ko da aka jawo ta garejinmu a Farin Gada, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, alamar ruwa ya shiga cikinsa. Injin 1ZZ ne, tof silinda da bulok duk alminiyam, ba sa yafe zafi. Da ya huce na kwance kusoshi goman daga gefe zuwa tsakiya, na ɗora ƙarfen awo a tsaye da a gicciye. Filagej, wato siririn fallen ƙarfen da ake auna tazara da shi, mai kaurin 0.15 na milimita ya shige ƙarƙashin ƙarfen awon salin-alin tsakanin silinda ta biyu da ta uku, alhali littafin Toyota bai yarda lanƙwasar fuskar ta wuce 0.05 na milimita ba. Bulok kam lafiyarsa ƙalau.

Na kai tof ɗin wurin wani dattijo mai gyaran fuska. Injinsa irin mai bel ɗin samfefa ne, a kifa tof a kai, a danna da hannu. Da ya gama na sake awo a gabansa, ko'ina ya kwanta, filagej bai samu ƙofa ba. Sai dai da na ja farce a kai, na ji yana ƙar-ƙar-ƙar, ga layuka sun ratsa daga wannan gefe zuwa wancan.

Na ce, "Baba, wannan zanen fa?"

Ya ce, "Yaro, tun ba a haife ka ba nake wannan aiki. Zanen nan shi ke riƙe gasket. In ya yi santsi zamewa zai yi."

Kuma ba ƙarya ya yi ba, a zamanin Fijo 504. Gasket ɗin wancan lokaci mai kauri ne da laushi, in aka ɗaure shi yana nutsewa cikin zane ya cike shi. Na 1ZZ kuwa siraran fallayen ƙarfe ne a jere, da ɗan shafi a sama wanda bai kai kaurin gashi ba. Ƙarfe ba ya nutsewa cikin komai. Duk layin da ya fi shafin zurfi ya zama magudana, tun ba ma wanda ya taso daga ramin ruwa ya nufi bakin silinda ba.

Abin haushin shi ne injin ya tashi lafiya. Na ɗaure kusoshi daga tsakiya zuwa waje, 49 Nm a sifanar awon ƙarfin ɗauri sannan ƙarin digiri 90, na bar shi yana aiki har fanka ta tashi ta tsaya, babu kumfa a lagireto. Alhaji ya yi godiya ya tafi. Da hunturu ya kankama sai ga shi ya dawo. Da asuba motar na rawa, farin hayaƙi a salansa, in ta ɗumama kuma shiru. Alminiyam in ya yi zafi yana buɗewa ya matse gasket, in ya kwana a sanyin Jos sai ya tsuke, ruwa ya bi layukan nan yana tsatsafowa. Alhaji ya ce, "Malam, mota na kawo maka ko rijiya? Kullum sai na ƙara ruwa." Na sa wa lagireto iska na bar ta ta kwana. Da safe na cire fulogi na uku, na haska tocila, ga ruwa kwance a kan fistin.

Da muka sake buɗewa, sawun ruwan na nan a jikin gasket, layi-layi, daidai inda samfefa ta bi. Yarona ya ce, "Oga, mu shafa gam mana mu mayar." Na ce ko kusa. Gam ba ya jure wutar silinda, wanda ya matso kuma ramukan mai zai je ya toshe. A cikin ramukan nan ma na tarar da ragowar tsakin samfefa, duk da wankin da aka yi musu, abin da ke cinye metal, wato boris ɗin cikin injin, a hankali.

Karo na biyu wurin masu injin yanka na kai, wanda ake ɗaure tof a teburi, wuƙa na juyawa tana tafiya a hankali. Farce ya wuce sumul. Amma naman da aka ci sau biyu ba ya dawowa. Duk abin da aka rage, ɗakin wuta na ƙara matsewa, tazarar sarƙar tayimin na raguwa, saitin ya ɗan ja baya. Shi ya sa ma littafin bai ce a kankare ba, cewa ya yi in ya wuce iyaka a sauya tof ɗin. Mu ne ke lallaɓawa saboda tsada.

Yanzu kafin in sauke tof daga Keke Napep sai na leƙa na ga irin injin da za a ɗora shi a kai, kuma da gasket ɗin nake zuwa a hannu in nuna wa mai aikin. In na ga bel, ko gaisuwa ba na tsawaitawa. Alhaji kuwa na mayar masa da tamostat, mai daidaita zafin injin, da wani ya cire, na zuba ruwan kulan maimakon na famfo, na kuma gaya masa gaskiya: in allurar zafi ta sake haurawa, tof ɗin nan ba shi da sauran abin yanka, sai dai mu gangara kasuwar kayan mota ta Dilimi mu nemo na Kwatano.