Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Shekarar da Na Sake Sa Rigar Makaranta

Assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya a ranar da sunayen waɗanda jami'a ta ɗauka suka fito, wajen ƙarshen 2016. Sau uku na bi jerin masu karatun likitan haƙori da ɗan yatsa, babu sunana. Can a wani jerin na tsince shi, an ba ni ilimin tsirrai.

Ga wanda bai karanta kason baya ba, ga yadda takarduna suke a lokacin. Na gama sakandare a 2015, WAEC ta fito mini da B3 a Bayoloji, C5 a Lissafi, C6 a Turanci, C6 a Fiziks, sai D7 a Kimistiri. A shekarar ce JAMB ta koma yin jarrabawarta gaba ɗaya a kwamfuta, ni kuwa ban taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai a ɗakin jarrabawa, na samu 176 cikin 400. Ƙarshen shekara na zauna NECO ta masu zaman kansu, na samu C5 a Kimistiri, na haɗa takardun biyu. A 2016 na samu 224. Ni a lissafina na gama gyara komai.

Bayan fitowar sunayen, kwana uku ban fita ko ƙofar gida ba. Gidanmu a Gusau ba babba ba ne, duk abin da aka faɗa a tsakar gida ina ji daga ɗaki. Gwaggo ta zo ta ce wa Inna, "Ai Allah ya yanke mata wahala. Boko duk boko ne, ta karɓi na ganyen, in ba ta so ga masu nema suna ta sallama." Inna ba ta ce komai ba, sai ƙarar tsintsiya.

Kawu kuma ya zo da tasa hanyar. Ya ce akwai wani mutum da ya san wani, in an ba shi kuɗi zai mayar da sunana sashen haƙori kafin jeri na biyu ya fito. Kuɗin da ya ambata sun kai na raguna biyu da Baba ke kiwo. Da daddare na ji Baba yana tambayar Yaya nawa rago yake yi a kasuwa a lokacin. Wannan tambaya ta fi rashin sunana yi mini ciwo.

Akwai wata likitar haƙori a garin da na soma zuwa wurinta watanni kaɗan kafin nan. Ba aiki aka ɗauke ni ba, roƙo na yi ta bar ni ina taya su. Ina wanke kayan aiki, in jera su a tukunyar da ke dafa su da tururi, in rubuta sunayen marasa lafiya, in riƙe hannun yaro in za a yi masa allurar kashe zafi. A rana ta huɗu na tafi wurinta da nufin in yi mata sallama, in ce na haƙura.

Ta ce, "Ƙanwata, koma gida ki kwaso mini duk takardunki. Har da waɗanda kike jin kunyarsu."

Na kawo. Ta jira aka tashi aiki, ta shimfiɗa su a kan teburinta, ta daɗe tana dubawa kamar yadda take duba hoton haƙori a gaban fitila. Sannan ta tambaye ni me ya sa na zaɓi haƙori ban zaɓi babban likitanci ba. Na ba ta labarin ɗan maƙwabciyarmu da cutar noma ta ci wa kunci, wadda tsofaffinmu ke kira zaizayar baki, da yadda aka kai shi asibitin yara masu wannan cuta da ke Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, ya dawo yana iya tauna tuwo. Na kuma faɗa mata gaskiya ta biyu, cewa an ce mini haƙori ya fi sauƙin samu.

"Dalilinki na farko ki riƙe shi," in ji ta. "Na biyun, wanda ya faɗa miki bai san abin da yake faɗa ba."

Ta bayyana mini cewa hukumar da ke kula da likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa, MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta horar, gwargwadon malamanta da kayan aikinta. Ɗalibin haƙori yana bukatar kujerar aiki da zai koyi ciko da cirewa a kanta, kujerun nan kuma masu tsada ne, shi ya sa guraben haƙori ba su kai na likitanci yawa ba ko kusa. Ta lissafa mini tsofaffin makarantun: Legas, Ibadan, Ife, Benin, Enugu. A nan Arewa ta ambaci Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Bayero ta Kano. Masu nema da yawa, ƙofa ƙarama, kuma wanda ya rasa likitanci da maki mai yawa nan yake juyowa.

Daga nan ta ɗora yatsa a kan takardata ta NECO. Ta ce, "Kin cike ramin, amma da ƙasa kika cike shi."

Abin da ban fahimta ba sai ranar shi ne, a tsakiyar 2016 gwamnatin tarayya, lokacin Malam Adamu Adamu yana ministan ilimi, ta soke jarrabawar da jami'o'i ke yi wa masu nema bayan ta JAMB. Da aka soke ta, jami'o'i da dama suka koma tantance mutane da takardu kawai. Kowane sakamako da makinsa: A ta fi B, B ta fi C. Ni kuma darussa biyar ɗin da ake dubawa, huɗu C ne. Ga shi na kawo su a zama biyu, alhali jami'o'i da yawa ba sa karɓar zama biyu ga mai neman likitanci ko haƙori. Wato tun kafin a kalli 224 ɗina, takardar sakandare ta riga ta ajiye ni a bayan layi. Shekara guda na yi ina ta haddar tambayoyin JAMB, ashe ba a nan ciwon yake ba.

Ina so mai karatu da ke cikin irin halina ya tsaya a nan. Da yawanmu in an hana mu gurbi sai mu ce ba mu da kowa a sama. Wani lokaci da gaskiya a ciki, ban musa ba. Amma kafin ka kai ga wannan magana, ka nemi ƙa'idar jami'ar da kake so, ka karanta ta da idonka a littafin bayanin kwasa-kwasai na JAMB, ka ajiye takardunka kusa da ita. Ni mai shagon intanet ne ya cike mini fom sau biyu, ban taɓa buɗe littafin nan ba.

Dakta ta zana mini hanyoyin da ke gabana a bayan wata takardar magani. Akwai IJMB, karatun share fage da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da jarrabawarsa, darussa uku a kusan shekara guda, in maki ya yi kyau a nemi shiga aji biyu kai-tsaye. Ta ce hanya ce mai kyau, sai dai guraben shiga aji biyu a haƙori 'yan kaɗan ne, kuma ba ta goge matsalar zama biyu. Akwai yin digiri a wani fanni na kusa, kamar ilimin sassan jiki, a fito da sakamako mai daraja sannan a nemi shiga. Wannan shekaru huɗu ne kafin a soma. Akwai kwalejin tarayya ta koyon fasahar haƙori da ke Enugu a wancan lokacin, da makarantun kiwon lafiya na jihohi da ke horar da mataimakan likitan haƙori, sana'a ce mai mutunci kuma ana bukatarta. Game da karɓar ilimin tsirrai da niyyar sauya sashe daga baya, ta girgiza kai. Ta ce ta ga masu yawa da suka shiga da wannan niyya, kaɗan ne ƙwarai ta ga sun tsallaka, sauran suna gamawa da digirin da zuciyarsu ba ta taɓa so ba.

"Ni da ke ce," ta ce, "sai in koma in sake WAEC gaba ɗaya, zama ɗaya, in kori C ɗin nan. Mutumin Kawunki kuwa, ko sisi kada Baba ya ba shi."

Na ce, "Dakta, shekarata ashirin fa. Ƙawayena suna aji biyu a jami'a."

"Karatun haƙori shekara shida ne. Bayansa shekarar koyon aiki a asibiti, bayanta bautar ƙasa. Wadda za ta yi takwas, shekara ɗaya ce za ta gagare ta?"

Faɗa wa Baba ya fi komai nauyi. Na jira ya dawo daga sallar isha'i, na kai masa ruwa, na durƙusa gefen tabarmarsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Na shimfiɗa masa takardun kamar yadda Dakta ta yi mini, na nuna masa inda matsalar take. Na ce ina so in koma ajin ƙarshe na sakandare.

Ya yi shiru har na ɗauka ya yi fushi. Can ya ce, "Uwata, darussan da kika ci ma sai kin sake su?"

"Duka, Baba."

"Ba gudun aure kike yi ba?"

Na ce a'a, na rantse masa. Ya ce, "To, ragon da na yi niyyar sayarwa don a ba wani, gara in sayar da shi in biya miki jarrabawa. Amma shekara ɗaya na ba ki. In Allah bai nufa ba, za mu zauna mu yi wata magana."

Wata makaranta mai ɗakin gwaje-gwaje ta karɓe ni a matsayin mai maimaita aji. Inna ce ta ɗinka mini rigar da hijabin da kekenta. Ranar farko da na fito, yaran unguwa suka bi ni da ido, wata maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Au, an koma firamare ne?" Na gaishe ta na wuce. Na yi kuka a hanya, na share hawaye kafin in kai ƙofar makaranta.

A nan na gane dalilin D7 ɗina. Shekara uku na yi ina karanta Kimistiri a littafi, ban taɓa ɗiga asid daga bututun awo in ga launin ruwa ya sauya a gabana ba sai ana gab da jarrabawa. Lissafin mol, wato ma'aunin yawan sinadari, wanda rabin darasin ke tsaye a kansa, hadda na yi masa ba fahimta ba. Malamin Kimistiri na sabuwar makarantar ya mayar da ni littafin aji ɗaya. Bai bar ni in taɓa tsofaffin tambayoyi ba sai da na iya daidaita lissafin haɗuwar sinadarai ba tare da leƙa amsa ba. Na sayi littafi guda na musamman, duk tambayar da na faɗi sai in rubuta ta da dalilin faɗuwar: rashin sani ne, gaggawa ce, ko Turancin tambayar ne ya ruɗe ni. Bayan wata biyu na ga cewa kaso mai yawa na kurakuraina a Fiziks Turanci ne ba Fiziks ba. Daga nan na soma karanta shafi biyu na Turanci da ƙarfi kowace safiya bayan asuba.

Asabar da safe Yaya yakan kai ni shagon intanet, mu biya kuɗin awa biyu, in yi gwajin JAMB da agogo a gabana. Asabar da yamma kuma ina wurin Dakta. Ba a ba da maki ko ɗaya a kan wannan aiki wajen neman gurbi, kada wani ya ruɗe ku. Amfaninsa gare ni daban ne. Duk ranar da na gaji da rigar makaranta, sai in ga tsohuwa ta shigo da kumburarren kunci ta kwana uku ba barci, ta fita tana sa albarka. Ko in ga an kawo yaro da dasashi mai jini da warin baki, Dakta ta tsaya tana yi wa uwarsa bayanin abinci da tsabta, tana duba ko alamar noma ce. Sai in koma gida in buɗe littafi.

Wannan karon da hannuna na cike fom. Dakta ta fahimtar da ni yadda jami'o'in tarayya ke raba gurabe: kashi 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki daga ko'ina, 35 ga 'yan yankin da jami'ar ke yi wa hidima, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, Zamfara na cikinsu. Na zaɓi jami'ar da jihata ke da rabo a cikinta, na tabbatar sunana da ranar haihuwata iri ɗaya ne a kowace takarda. A shekarar ce kuma JAMB, ƙarƙashin Farfesa Ishaq Oloyede, ta fito da tsarin CAPS, inda duk gurbin da jami'a za ta bayar sai ya bi ta shafinta. Da na yi wa Baba bayaninsa, ya kalli Kawu bai ce komai ba.

JAMB ta 2017 sai a watan Mayu aka yi, ta faɗo kusa da lokacin WAEC, na rame har hijabina ya yi mini yawa. Na samu 268. Da sakamakon WAEC ya fito, Yaya ne ya kankare katin, ni na kasa kallon allon kwamfutar. Ya karanto: Bayoloji A1, Lissafi B3, Fiziks B3, Turanci C4. Ya tsaya. Na ce, "Yaya, don Allah." Ya ce, "Kimistiri B2."

Baba ya karɓi takardar, ya juya ta gaba da baya ko da yake ba ya karanta boko sosai. Ya ce in nuna masa layin Kimistiri. Na nuna. Ya ɗora babban yatsansa a kai ya daɗe, sannan ya ninke ta ya sa a aljihun babbar rigarsa ya tafi masallaci da ita.

Ba a yi nisa ba, a watan Agusta, gwamnati ta janye haramcin jarrabawar bayan JAMB. Ke nan akwai sauran zama ɗaya a gabana, a wani gari da ban taɓa zuwa ba. A makon da aka sanar da ranar jarrabawar ne Gwaggo ta iso gidanmu da goro da saƙo daga iyayen wani saurayi. Yadda aka yi da saƙon, da tafiyar da na yi ni da Yaya a motar haya, za ku ji mako mai zuwa in Allah ya kai mu.