Kowace ƙwaya da cajarta

Masu haɗa batirin fanka da tsofaffin ƙwayoyin laftof a nan Gombe, yawancinmu mita ɗaya muke dubawa: in bakin waya ya nuna 12.6V, shi ke nan, batir ya cika. To ai wannan lissafin jimla ne kawai. Ƙwaya uku a jere suna iya ba ka 12.6V alhali ɗaya tana 4.4V, ɗaya 4.2V, ta ukun kuma tana fama a 4.0V. Ƙwayar laftof ta lithiyam, wadda ake kira 18650, yawanci iyakarta 4.2V. Wadda ta haura ita ke fara lalacewa, wani lokaci ta yi zafi har ta kama wuta, wadda ke ƙasa kuma ita ke sa fanka ta mutu tsakar dare a watan Afrilu.

Akwai caja ta musamman irin iMAX B6 mai daidaita ƙwayoyi, amma kuɗinta ya fi na batirin da nake son cajawa, jabunta kuma sun cika kasuwa. Don haka na haɗa tawa da ƙananan allunan TP4056 guda uku, irin waɗanda masu gyaran waya ke sayarwa. Kowane allo ƙwaya ɗaya ya sani. Yana karɓar 5V, ya tura kusan amfiya 1, in ƙwayar ta kai 4.2V sai ya riƙe ta a nan yana rage wutar sannu a hankali, har ta sauko kashi ɗaya cikin goma, sannan ya yanke. Jar fitila ta mutu, ɗayar ta kama.

Wayoyi huɗu na fitar daga batirin: ƙarshen negetif, mahaɗar ƙwaya ta farko da ta biyu, mahaɗar ta biyu da ta uku, sai ƙarshen fositif. Kowane allo ya kama wayoyi biyun da ke gefen ƙwayarsa.

Wurin da ake ƙona yatsa shi ne abin da zai ciyar da allunan. A TP4056, negetif ɗin shiga da na batir a haɗe suke. In ka ba allunan uku wuta daga caja ɗaya, ka haɗe negetif uku wuri guda ke nan, wato ka gama bakin ƙwaya biyu da kansu, hayaƙi zai tashi kafin ka ce kwabo. Caja mai bakin USB uku ma ba ta tsira ba, domin a ciki negetif ɗinsu ɗaya ne. Dole sai kan cajar waya uku daban-daban, masu ƙafa biyu, kowanne da taransifomarsa. Kafin in jona batir sai da na sa mita tsakanin negetif ɗinsu na tabbatar ba ta yi ƙara ba. Wani almajirin shagon maƙwabcina ya ga tarin cajojin a kan soket ya ce, "Oga, wannan ai wurin cajin waya ka buɗe." Ban musa masa ba, abin ba shi da kyan gani.

Allon yana zafi sosai, don rarar wutar a jikinsa yake ƙona ta. Da zafin garin nan sai na cire ƙaramar razistar 1.2k mai saita yawan wutar caji na sa 2k, wutar ta dawo wajen rabin amfiya da ɗan ɗori. Caji ya ƙara daɗewa, musamman da yake a batirina abin da kowane allo ke cajawa ƙwaya uku ne haɗe gefe da gefe kamar ƙwaya ɗaya, amma ba a son cajin lithiyam in zafi ya wuce digiri 45, ɗaki mai rufin kwano kuwa da rana ba shi da nisa da hakan. Ina caji da asuba ko bayan isha, a kan siminti, nesa da katifa, fankar a kashe.

BMS ɗin, wato allon kariyar batir, ban cire shi ba, shi ke yanke wuta in ƙwaya ta yi ƙasa da yawa. Masu ƙwayar LiFePO4, wani nau'in lithiyam daban, kuma kada su gwada wannan allon, tasu ƙwayar a 3.65V take cika.